Babba ya hango nesa, amma lambar katin waya ta gagare shi

Baban_Khalifa_Agege:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Hausawa na cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Gaskiya ne. Amma ku miƙa wa babban nan takardar magani ko katin waya ku sha kallo: zai miƙe hannu iya tsawonsa, ya ɗage kai, ya ƙanƙance ido, daga ƙarshe ya kira yaron da bai hau rimin ba ya karanta masa. Na san akwai ma'aikatan lafiya da masu sana'ar hannu a nan. Waɗanne abubuwa ne girma ke zuwa da su ba sallama, waɗanda ake dariyarsu a majalisa? Me ke jawo su? Wanne ne na dariya kawai, wanne ne sai an tashi tsaye? Don Allah a yi bayani filla-filla, kada a tsaya ga "sai haƙuri".

Mai_Tabarau_Obalende:
Wa alaikumus salam Alhaji, ka fara da ɓangarena. A cikin ido, bayan baƙin nan, akwai wani ɗan gilashi na halitta mai taushi. Idan za a duba abu na kusa, wata tsoka ce ke sa shi ya ƙara kauri. Tun ƙuruciya yake yin tauri a hankali, sai wajen shekara 40 zuwa 45 ya kai yadda ba ya iya sauyawa sosai. Shi ya sa nesa garau, kusa dishi-dishi. Ba ciwo ba ne, ba kuma waya ce ta jawo ba. Wanda bai taɓa riƙe waya ba ma sai ya same shi.

Ga wanda can ma idonsa lafiya lau, lambar tabarau ɗin karatu kan tafi kamar haka: wajen +1.00 a shekara 40 zuwa 45, +1.50 kafin 50, +2.00 kafin 55, sannan +2.50 daga nan zuwa 60, inda yawanci take tsayawa. Wajen zaɓe, a riƙe rubutu a nisan santimita 35 zuwa 40, wato ɗan ƙasa da kamu ɗaya, a ɗauki mafi ƙarancin lambar da ta fito da rubutun sarai. Kuskuren da aka fi yi shi ne sayen mai ƙarfi da tunanin ya fi kyau, sai ciwon kai ya biyo baya, kuma sai an manna takarda a hanci kafin a gani. Na biyu, tafiya da shi a fuska. Na karatu ne kawai. Wanda ya fita titi da shi a Legas, bakin kwata zai zo masa a inda ba nan yake ba.

TelanAgege:
Mai_Tabarau ka manta da haske. A shagon ɗinki, zura zare a allura ne ke fara tona asirin mutum tun kafin karatu. Tela zai lashi zare sau biyar yana zargin allura. Maganin farko shi ne fitila a gefen keke, haskenta kan ɗinkin, ba cikin ido ba. Baƙin yadi da baƙin zare kuwa a bar su sai da rana.

Mai_Tabarau_Obalende:
Haka ne Malam. Ƙofar da haske ke shiga ido tana ƙanƙancewa da shekaru, ɗan 60 na buƙatar haske ninki biyu zuwa uku na ɗan 20 kafin su ga abu ɗaya. Ƙari kuma, tabarau ɗin da ake talla a gosulo lamba ɗaya ce a idanu biyu, alhali mutane da yawa idanunsu ba daidai suke ba. Yana yi na wucin gadi, amma ba ya maye gurbin awo.

Nas_IdiAraba:
Bari in kawo wanda ya fi ba da mamaki. Akan samu dattijo ɗan 65 ko 70 da ya shekara ashirin da tabarau, kwatsam ya ajiye shi ya koma karanta Alƙur'ani da idonsa. Gida ya ɗauki murna, wai ido ya dawo. Sau da yawa wannan farkon yanar ido ce. Gilashin nan da Mai_Tabarau ya faɗa ne ke ƙara tauri a tsakiya, sai ya ja gani ya dawo kusa na ɗan lokaci, nesa kuma ta fara hazo, fitilun mota su riƙa kashe ido da daddare. Yanar ido ba ta jin ɗigo ko tozali, aiki ake yi, kuma aiki ne mai sauƙi a hannun likitan ido. Kada a bari mai sakiya ya taɓa idon, makanta da yawa daga nan take.

Wanda ba ya ba da dariya ko kaɗan shi ne hawan jinin ido. Yana da yawa a tsakanin baƙar fata, yawanci ba ya ciwo, daga gefe yake cin gani, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Duk wanda ya haura 40, ranar da zai sayi tabarau ɗinsa na farko ya je a auna masa ƙarfin ido a duba jijiyar. Akwai sashen ido a asibitocin koyarwa na LUTH nan Idi-Araba da LASUTH a Ikeja, da manyan asibitocin gwamnati. Idan akwai mai shi a dangi, duk shekara.

Wanzamin_AlabaRago:
To ku zo kujerar aski ku ji. Gashi ba ɓacewa yake yi ba, ƙaura yake yi. Ya tashi daga tsakar kai ya tare a kunne da hanci da gira. Mutum ya zo aski, aikin kai minti uku, aikin kunne minti goma. Na hanci a datse da ƙaramin almakashi mai dunƙulallen baki, kada a tsige, don gurbin kan yi ƙurji kuma ƙurjin cikin hanci ba abin wasa ba ne. Sannan zancen nan na wai in ka tsige furfura ɗaya goma za su fito, babu shi. Kowane gashi da raminsa. Maƙwabtansa ne dama lokacinsu ya yi.

Dan_Mile12:
Wanzami, to ina batun masu furfura tun suna 28? Su ma girman ne?

Wanzamin_AlabaRago:
Wannan furfurar gado ce ƙanina, duba kawunansa za ka gani. Abin da zan ja kunne a kai shi ne rini. Baƙin rini da abin da ake kira baƙin lalle suna ɗauke da sinadarin PPD, wasu fatarsu ba ta shiri da shi. Sai a ga mutum ya rina gemu ranar Alhamis don ɗaurin aure, Asabar fuska ta kumbura har ido ya rufe. A shafa ɗan kaɗan a bayan kunne, a jira awa 48. In ya yi ja ko ƙaiƙayi, a haƙura. Wanda ya taɓa kumbura sau ɗaya kada ya sake, na biyu ya fi muni.

Malamin_Islamiyya_Ketu:
Allah ya saka wa wanzami. Ta fuskar addini ma an hana tsige furfura, an kuma kwaɗaitar da sauya launinta da lalle. A ranar buɗe Makka da aka kawo Abu Ƙuhafa, mahaifin Sayyidina Abubakar, kansa da gemunsa fari fat, Annabi (SAW) ya yi umarni a sauya launin amma a nisanci baƙi. Malamai sun yi bayani mai tsawo kan baƙin, amma jan lalle babu saɓani a kansa.

Hajiya_UwarGida_Mushin:
Maza kun mamaye zancen da gemu. Bari a faɗi na mata, don shi ne aka fi yi wa mummunar fahimta. Tsakanin shekara 45 zuwa 55 al'ada ke ɗaukewa. Kafin ta tsaya takan yi shekaru tana wasa, wata biyu babu, sai ta zo da yawa. A lokacin ne zafi ke taso wa mace daga ƙirji zuwa fuska, minti biyu zuwa biyar, gumi sharkaf, sai kuma sanyi. Za ka ga Hajiya ta ƙure fanka cikin sanyin hunturu, maigida na ƙudundune cikin bargo, kowa na ganin ɗaya ne ba shi da lafiya. A Legas da dama can zafi ne, sai a ce maleriya ce ko taifod, a yi ta shan magani wata da watanni. Bambancin: a sa ma'aunin zafi a hammata, ba za a ga zazzaɓi mai ɗorewa ba. Abin da ke taimakawa: kayan auduga marasa nauyi, rage yaji da shayi mai zafi da dare, ruwan sanyi a gefen gado. Idan ya hana barci a ga likitan mata, akwai magani.

Abu biyu kada a manta. Sai an cika wata 12 cur babu jini ake cewa ta tsaya, kafin nan ciki na iya shiga, kuma an sha ganin 'yar auta ta zo tare da jika. Na biyu, duk jinin da ya dawo bayan wata 12 ɗin nan, ko ɗigo ne, asibiti.

Maman_Ummi_Ikorodu:
Hajiya Allah ya biya ki. Ki ƙara da gashin haɓa guda biyu da ke fitowa ba gayyata. Kuma ƙashi na rage ƙarfi bayan tsayawar al'ada, don haka nono, madara, ƙananan kifin da ake ci da ƙaya, zogale da ganyen ugu su yawaita a tukunya.

Direban_Apapa:
Ni abin da na lura da shi a tasha, ba madubi ke sanar da mutum ya kwana biyu ba, kwandasta ne. Jiya ana ce maka "Aboki" ko "Mallam", yau ka ji "Baba, zauna a gaba". Yaran Yarbawa su fara rusuna maka, wani ya karɓe maka kaya. Daga nan sai gwiwa ta sa hannu a takardar. Gadar tsallaka titi ta Ojota ko ta Oshodi, wadda da ake hawa ana waya, yanzu sai an tsaya a tsakiya ana yi kamar ana kallon motoci. Masu sani, me ya sa saukowa ta fi hawa ciwo? Kuma ƙarar nan ta ƙas-ƙas a sahu lokacin sujada, lalacewa ce?

Mai_Gashin_Kashi_Ikeja:
Direba, ƙara ba tare da ciwo ko kumburi ba, ba komai ba ce. Wadda ake kula da ita ita ce mai zuwa da ciwo, kumburi, ko ƙagewar da ke wuce rabin awa da safe. Saukowa ta fi ciwo ne saboda tsokar gaban cinya ce ke riƙe nauyin jiki kamar birki, ƙoƙon gwiwa kuma na danne guringuntsin da ya fara sirancewa. Mutane na jin ciwo sai su daina motsi, tsokar ta ƙara raguwa, ciwon ya ƙaru.

Ga abin yi. A samu kujera mai ƙarfi a jingina ta da bango. A zauna a tashi sau 10 ba tare da dafa gwiwa ba, a huta minti ɗaya, a maimaita sau biyu ko uku, kullum ko bayan kwana ɗaya. In ya yi wuya a ɗora matashi don kujerar ta ƙara tsawo. Na biyu, a zaune a miƙe ƙafa ɗaya sambal, a ƙirga biyar, a sauke a hankali, goma-goma. Sai an yi sati shida zuwa takwas ake ganin bambanci, a nan ne yawanci ake karaya. A matakala, ƙafa mai lafiya ce ke fara hawa, mai ciwo ce ke fara sauka. Sanda kuma a hannun da ke ɗaya gefen ake riƙe ta, ba gefen ciwon ba, wannan kusan kowa na juya shi. Sannan kowane kilo ɗaya da aka rage a jiki na sauke wa gwiwa kusan kilo huɗu a kowane taku.

Direbobin dogon zango da masu kwana a layin tashar jirgin ruwa, duk awa ɗaya ko biyu a sauko a taka.

Malamin_Islamiyya_Ketu:
Tunda an taɓo sujada: hadisin Imrana ɗan Husaini ya nuna a yi salla a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kishingiɗe. Kuskuren masu kujera shi ne barin abin da suke iyawa. Wanda ke iya tsayuwa da ruku'u amma sujada ta gagara, ya tsaya ya yi ruku'unsa, ya zauna wajen sujada kawai, ya sunkuya fiye da na ruku'u.

Mai_Kemis_Oshodi:
Ina roƙon jama'a kan maganin ciwon gwiwa. Diclofenac da ibuprofen suna aiki, amma shan su kullum na kawo gyambon ciki, yana taɓa ƙoda, yana ɗaga hawan jini. Mafi haɗari shi ne haɗin nan da ake ƙullawa a leda ko ake talla a mota, don akan sa irin su dexamethasone a ciki. Kwana uku mutum ya ji kamar ɗan 25, wata uku fuska ta yi fam, suga ya hau, ƙashi ya yi rauni. Dangi kuma su ce ya murmure. A fara da na shafawa da paracetamol, sauran a bar wa likita.

Dan_Mile12:
Ni dai ina ganin Legas ce ke tsofar da mutum da wuri. Tsohon ƙauye ɗan 70 na noma, namu ɗan 50 na nishi.

Baban_Khalifa_Agege:
Ban yarda gaba ɗaya ba. Na ƙauyen ma gwiwa da baya na damunsa, ba ya da wanda zai faɗa wa ne. Kuma waɗanda ka gani a gona su ne masu ƙarfin, marasa ƙarfin suna ɗaki.

Nas_IdiAraba:
Kowannenku na da rabin gaskiya. Zaman gosulo, ƙarancin barci da abincin waje mai gishiri suna da tasiri. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne ƙasa da giram 5 na gishiri a rana, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen magi da burodi. Wanda ke auna jini a gida ya zauna minti 5 tukuna, baya a jingine, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba goro ba shayi rabin awa kafin nan, ya auna sau biyu da tazarar minti ɗaya. In yana kai 140 bisa 90 a ranaku daban-daban, asibiti.

Inda Legas ke da laifi sosai shi ne kunne. Janareto, injin markaɗe, lasifika, hon. Da shekaru, siraran sautuka ne ke fara tafiya, irin su "s" da "sh" da "f". Mutum na jin murya amma kalmomin sun cakuɗe, shi ya sa za a ce "an kawo shayi" Baba ya ce "wa ya yi?", ya kuma dage cewa yaran yanzu ba sa buɗe baki. Ihu ba ya taimako. A fuskance shi, a rage rediyo, a yi magana a hankali. A fara duba dattin kunne, don yana bushewa ya toshe. Ɗigo biyu ko uku na man zaitun na 'yan kwanaki na tausasa shi, muddin kunnen ba ya ruwa kuma ba a taɓa cewa ya huje ba. Tsinken ashana, gashin kaza da auduga mai tsinke ciki suke tura shi. Kunne ɗaya ya ɗauke farat ɗaya kuwa, wannan na gaggawa ne, ranar za a tafi.

TelanAgege:
Bari in dawo da mu kan tambayar Alhaji. Littafin awo ba ya ƙarya. Mutum zai ce "ɗinka da awona na da", alhali ƙugu ya ƙaru da inci uku, tsawo kuma ya ragu. Bayan 40 akan rasa wajen santimita ɗaya duk shekara goma, don faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya na shanyewa. Sai wando ya fara sharar ƙasa a ce tela ya ɓata yadi. Duk shekara biyu a sake awo: wuya, kafaɗa, ƙirji, tumbi, ƙugu, tsawo. Mai tumbi a ƙara wa gaban riga inci ɗaya ko biyu, in ba haka ba gaba ya ɗage baya ya sauka. Ƙafa ma na faɗi, takalmi a gwada shi da yamma.

Mai_Gashin_Kashi_Ikeja:
Daidai ne tela. Amma in raguwar ta kai santimita huɗu, ko baya ya fara duƙawa da sauri, musamman ga mata, a duba ƙarfin ƙashi.

Direban_Apapa:
Ba wanda ya taɓo zaryar dare. Dattijo ya fi mai gadi sanin abin da ke faruwa a layi, don sau uku yake fita.

Nas_IdiAraba:
Sau ɗaya a dare bayan 60 ba abin damuwa ba ne. Ga maza akwai wata ƙwaya mai girman goro a ƙarƙashin mafitsara, furostet, wadda hanyar fitsari ta ratsa ta tsakiyarta. Tana girma da shekaru ta matse hanyar: jira kafin ya fito, rashin ƙarfi, ɗiga bayan an gama. A tsayar da ruwa mai yawa awa biyu kafin kwanciya, shayin mai shayi na dare a mayar da shi la'asar. Mai shan maganin hawan jini mai sa fitsari ya tambayi likita ko na safe ne. Mai kumburin ƙafa ya ɗora ta kan matashi awa ɗaya da yamma, don ruwan ya fita kafin barci. Wasu magungunan mura na iya riƙe fitsari gaba ɗaya, a faɗa wa mai kemis kafin a saya. In akwai ƙishirwa da rama a gwada suga kafin karin kumallo, 126 zuwa sama a awo biyu ciwon suga ne. Jini a fitsari ko ya ƙi fita, ba jira. Kuma in an farka, a zauna bakin gado minti ɗaya kafin a miƙe, jirin tashi na kayar da mutane da yawa.

Maman_Ummi_Ikorodu:
Nas, ina batun kiran suna? Kaka za ta kira jika ɗaya, sai ta jero sunan 'ya'yanta biyar da na ƙanwarta kafin ta iso kansa. Da shiga ɗaki a tsaya ana tunanin me ya kawo ka.

Nas_IdiAraba:
Wannan lafiya lau ne Maman Ummi. Sunayen makusanta wuri ɗaya ƙwaƙwalwa ke tara su, sai hannu ya ɗauko na kusa. Manta inda aka ajiye makulli, ko neman tabarau yana kan goshi, ba ciwo ba ne. Abin dubawa shi ne ɓata a hanyar masallacin da aka saba, maimaita tambaya ɗaya sau biyar cikin awa, rikicewar lissafi ga wanda ya ƙware a ciniki, ko sauyin hali. Kada a ce maita ko aljanu, kada a kulle tsohuwa a ɗaki. Wani lokacin ma ƙarancin bitamin B12 ne, musamman ga wanda ya daɗe yana shan maganin suga na metformin, kuma yana gyaruwa.

Mai_POS_Agege:
Ƙarin guda: zanen yatsa. Fatar dattijai na bushewa zanen ya shafe, sai na'urar dangwale ta ƙi shaida mutum da yatsansa. Masu wanki da masu aikin siminti sun fi shan wannan. A riƙa shafa mai na kwana biyu ko uku kafin zuwa wurin dangwalen, a wurin kuma a goga yatsan a goshi ko a hura masa iska daga baki, a ɗora a hankali ba dannawa da ƙarfi ba.

Wanzamin_AlabaRago:
Da magogin goro. Ranar da ka ga mutum ya ciro shi daga aljihu, to dasashi ya ja baya, turame sun fara girgiɗi. Kilishi kuma sai an daka.

Baban_Khalifa_Agege:
Allah ya saka wa kowa. Mai_Tabarau, mu koma inda muka faro. Wanda ke da tabarau na nesa tun da, yanzu kuma kusa ta gagara, biyu zai riƙa ratayawa?

Mai_Tabarau_Obalende:
Ba dole ba Alhaji. Akwai mai hawa biyu, sama na nesa, ƙasa na karatu, da layi a tsakani. Akwai kuma marar layi wanda lambar ke sauyawa a hankali daga sama zuwa ƙasa. Ya fi tsada, gefensa na ɗan karkata abu, sabo na ɗaukar sati ɗaya zuwa biyu, kuma sai an auna tsayin ƙwayar ido a kan firam ɗin da mutum zai sa, ba a saye shi a tire. Da kowannensu, wajen sauka daga bene ko danfo a sunkuyar da kai gaba ɗaya a duba ta sama, kada a leƙa ta ƙasan gilashin. Wanda kuma nesa ce ba ya gani tun asali, sau da yawa cire tabarau kawai zai yi ya karanta.

Dan_Mile12:
To ni 38 nake, kuma na ƙara girman rubutun waya sau biyu a bana. In jira 40 ɗin ko in zo yanzu?

Mai_Tabarau_Obalende:
Zo yanzu. Ka taho da wayar da kuma duk wani ɗigon ido da kake sawa.